Gidan da ke Samansa

A wani banki a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur, wata Bahaushiya ce zaune gabana, da mayafi ruwan toka, tana juya makulli a yatsa. Ma'aikacin yana tambayarta shekara nawa za a tsayar da ribar bashin gida, ba hawa ba sauka: biyar ko ashirin? Biyar ta fi araha, in ji shi.

Ba ta ma kallonsa, waya take yi: "Yaya, ka tuna mutumin da ya hana ni haya don ni baƙar fata ce? Gidan da ke samansa nake saye."

Daga gani ta daɗe da abin a ranta.

"Ashirin," ta ce wa ma'aikacin, ta koma wayarta. "Yaya, a aiko min turmi da taɓarya daga Kano. Babba."