Kawu Mai Agogo da Guraminsa Biyu

Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, gyaran agogo ya yi tun yana saurayi, a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, har idonsa ya daina ganin ƙananan sukurori. Da ya ajiye aiki, zaman gida ya nemi kwantar da shi. Sai babbar 'yarsa ta saya masa akwatin gilashi na kifin ado, aka girke a falo kusa da taga, da 'yan ƙananan kifaye masu yawo a gungu.

Ba a jima ba ya ce akwatin ya yi fili da yawa, yana son ƙarin wani kifi da ake kira gurami. Mai sayar da kifin ya gargaɗe shi kada ya haɗa maza biyu, don ba sa ga-maciji. Ya nuna masa bambancin: fiffiken bayan namiji dogo ne mai tsini, na mace gajere ne a zagaye. Kawu ya gyaɗa kai kamar ya gani, ya zaɓi biyu da kansa. Babban ya sa masa Maigida, ƙaramin kuma Uwargida.

Tun daga ranar Uwargida ta hana Maigida sakat, kullum tana cizon fiffikensa, tana korarsa bayan ciyawa. Kawu ya ɗauko gilashin da yake maƙalawa a ido wajen aiki, amma kifi ba ya tsayawa a duba shi kamar agogo. Mai aski, maƙwabcinsa, ya leƙa ya ce duk mata ne. 'Yarsa ta duba waya ta ce duk maza ne. Kawu ya rasa na wa zai ɗauka.

Ana cikin haka kumfa ta fara taruwa a saman ruwan. Ya tuhumi matarsa, wadda muke kira Iya, da wanke gilashin da sabulu. Ta ce ita ko taɓa akwatin ba ta yi. Kowace safiya ya kwashe kumfar da cokali, kafin yamma ta dawo. Da abin ya ishe shi, ya zuba ta a kwalba ya kai wa mai kifi.

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai sheƙar ƙwai ce, kuma namiji ne ke gina ta. Ya tambayi Kawu wanne ne ke zama a ƙarƙashinta.

"Uwargida," in ji Kawu.

"To, Baba, Uwargidanka namiji ne."

Game da Maigida kuwa, mutumin ya ce sai ya gani da idonsa, don fiffiken da aka ciccije ba ya faɗin gaskiya.

Kawu ya dawo ya ƙyale kumfar. Wata safiya sai ga ƙwai a cikinta, Uwargida na gadi. Mai kifi ya riga ya gaya masa da zarar haka ta faru a raba uwar da wurin, saboda haka ya miƙa wa Iya 'yar raga, ya ce ta fitar da uwar. Ta tambaye shi wacce.

"Maigida mana," ya ce, yana sosa ƙeya.

Iya ta ajiye ragar ta shige kicin, tana ƙunshe dariya.

Yawancin 'ya'yan, sauran kifayen ne suka cinye su. Waɗanda suka tsira ya raine su a baho, ya rarraba wa maƙwabta. Duk wanda ya tambaye shi mace ce ko namiji, sai ya ce ya dai kai gida tukuna, kada ya yi saurin raɗa suna.