Cukun da Inna Ta Iya Ci

Inna ta faɗi ne a bakin rijiyar gidanmu, wata safiya cikin damina. Santsi ya kwashe ta tana ƙoƙarin kawar da bokiti daga hanya. Ina ɗaki ina shirin tafiya makarantar firamaren da nake koyarwa na ji ƙarar faɗuwar. Ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi. Da na fito na tarar da ita kwance a gefe guda, ƙafarta ta hagu ta juya yadda ƙafar mutum ba ta juyawa. A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma a shekarunta ƙashin ya riga ya yi rauni, da wuya ya haɗe da sauri.

A unguwar Gidan Igwai muke zaune, a gidan da mahaifinmu ya bari, ni da ita da yayana da iyalinsa. Aurena ya mutu na dawo gida, saboda haka jinyar ta faɗo kaina ba tare da an zauna an raba ba. Yayana hatsi yake sayarwa a kasuwa. Kafin ya fita zai leƙo ya gaishe ta, in ya dawo ya zauna bakin ƙofa ya ba ta labarin yadda gero ya kwana.

Bayan an sallamo mu, kwanciya ta yi wa Inna yawa har bayanta ya fashe, miki ya buɗe a ƙasan ƙugu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a bayan layinmu, ita ke zuwa ta wanke mata shi in ta taso daga aiki. Wata rana ta gama, tana wanke hannu a tsakar gida, ta kira ni gefe.

"Malama, wanga miki ba magani kaɗai ka warkad da shi ba. Jiki shi ka ɗinke kainai, in ya samu abin da zai gina nama. Mi take ci?"

Na ce kunu.

"Kunu da mi?"

Amsar dai ke nan, kunu kawai. Ba rashin sani ba ne. Ni da kaina nake koya wa yara abinci mai gina jiki da mai ba da ƙarfi da mai kare cuta. Ba kuma rashin gwadawa ba ne. Haƙoran Inna sun zube, nama ko ya dahu ya yi ligif sai ta juya shi a baki ta tofar. Ƙarnin ƙwai yana tayar mata da zuciya. Wake yana kumbura mata ciki ta kasa numfashi. Madara kuwa gudawa take sa ta, kuma gudawa ga wadda ba ta iya tashi da kanta azaba ce da kunya a haɗe. Kindirmo tsaminsa yana ƙona mata ƙirji. Duk abin da na kawo, za ta ɗanɗana don kada raina ya ɓaci, sannan ta ture kwanon da bayan hannu. Damtsenta ya zama fata da ƙashi, munduwarta tana gangarowa har gwiwar hannu.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono da man shanu tun mahaifinmu yana da rai. Rugarsu tana can bayan Kalambaina. Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai ƙwarya da gaisuwa. Ranar da ta ji Inna na kwance, ta sauke ƙwaryarta a zaure ta shiga ɗakin ta durƙusa.

"Inna, ƙaƙa jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Ƙaƙa shanu?"

Suka yi ta hira, ina daga waje ina ji. Inna ta faɗa labarin ƙuruciyarta a ƙauyen kakarta, can arewa kusa da iyaka, inda ake yin cuku a shanya bisa tabarma. Ta ce su yara ba sa jiran ya bushe, tun yana da ɗumi suke sata. Sai ta ce, kamar mai magana da kanta:

"Da ina samun wanga cuku mai tabshi, wanda ba a shanya ba, ina jin da na ci."

Gwaggo ta yi dariya ta ce rabon da wani ya tambaye ta shi har ta manta, mutanen birni nono suka sani. Amma ta ce za ta yi.

Da ta dawo ta zo da shi a ƙaramar ƙwarya, an rufe da faifai, yana zaune cikin ruwansa. Fari ne tas, in ka danna da yatsa ya lotsa ya dawo, ba ya wargajewa. Ta gaya mini yadda ta yi: madarar safe ce tun da ɗuminta, a daddaka ganyen tumfafiya a tace ruwan a zuba kaɗan, a ɗora kan wuta mara ƙarfi har ya kama jikinsa, a kwashe a ƙaramin kwando ruwan ya tsiyaye. Ta ce ƙwarya cike da madara, abin da za ta bayar bai wuce cikin tafin hannu biyu ba.

Ban ba Inna ba sai da na nuna wa ma'aikaciyar jinyar. Ta gutsura ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. Ta ce duk abin da ke gina jiki a cikin madara ya taru a ɗan wannan dunƙule, da maiƙon da zai ba ta ƙarfi, da abin da ke ƙarfafa ƙashi, kuma mafi yawan abin da ke ɓata mata ciki ya bi ruwan da aka tsiyaye. Mai ciwon da ba ya iya cin abu da yawa, irin wannan yake bukata, ɗan kaɗan mai nauyi. Ta gargaɗe ni kada in sa gishiri saboda hawan jinin Inna, in sake tafasa shi kafin in ba ta, kuma kada in bar shi ya daɗe, tunda ga zafi ga rashin wuta.

Na tafasa, na yanka ƙanana, na kai mata. Ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta danna da dasashi, ta haɗiye. Ta ɗauki na biyu. Na fita tsakar gida na tsaya, don kada kallona ya sa ta fasa. Da na koma kwanon babu komai.

Daga nan Gwaggo ta riƙa kawowa duk zuwanta gari. Wani lokaci in murmushe shi cikin kunu, wani lokaci in jefa a miyar kuɓewa mara gishiri. A hankali mikin ya fara tsukewa, gefensa ya yi ja mai kyau, warin ya ragu. Inna ta fara faɗa, wanda a wurinmu shi ne alamar sauƙi. Ta ce ban iya ninke zane ba, ta ce matar yayana tana ɓarnar itace. Ta nemi a kawo mata rediyonta. Muka fara jingina ta da matasai tana zama ta yi salla. Yayana har ya fara maganar ranar da za ta taka ƙafa.

Bayan kaka sai Gwaggo ta daina zuwa. Kasuwa ta ci ta sake ci, ba ita ba labarinta, kuma ba ta da waya. Inna ta koma kunu. Da na ga abin ya yi tsawo, wata Asabar na hau keke napep zuwa Kalambaina, na sauka bayan inda manyan motoci ke jerin ɗaukar siminti, na bi hanyar ƙafa da ta taɓa kwatanta mini. Na sami rugar. Bukkoki suna tsaye, wasu sun fara zubewa, turaku a kafe babu igiya, kashin shanu ya bushe ya yi fari. Wani dattijo manomi yana ɗaure kara a gonar da ke kusa, na gaishe shi na tambaya.

"Ai sun watse, ɗiyata. Da damina gonaki sunka rufe ko'ina, samarinsu sunka kora shanun daji. Can wasu mutane da bindiga sunka tare su. Ko ɗan maraƙi ba a bar musu ba. Babban ɗanta ma can anka kashe shi."

Na tambayi inda suka koma, ya ce wasu sun bi dangi, wasu sun shiga gari, bai san wanda ya bi ina ba.

Na dawo na shiga neman abin da zai maye gurbi. Masu tallar nono na bakin titi yawancinsu da madarar gari suke haɗawa, ba su da ɗanyar madara. Na sami wani mai 'yan shanu a gefen gari, ya yarda ya riƙa rage mini, amma rani ya shigo, shanun ba sa kawo ruwa, abin da ke akwai na maruƙa ne. In na samu yau, sai in yi kwanaki ban samu ba. Na gwada yi da kaina. Na farko na cika tumfafiya ya yi ɗaci na zubar. Na biyu ya ƙi kamawa. Na sayo busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar, mai tauri kamar ƙirgi, na jiƙa na daka na zuba a kunu, Inna ta ce yana kartar mata maƙogwaro. Yayana ya shiga wani babban kanti a Sama Road ya sayo na Turawa, rawaya, a naɗe cikin leda. Ta ci kaɗan don ganin idonsa, amma gishirinsa ya yi yawa, ƙafafunta suka kumbura, ma'aikaciyar jinyar ta ce a daina. Har awara na soya sama-sama na kai mata ban ce komai ba. Ta taɓa da harshe ta dube ni.

"Wanga wake na. Kada ki ruɗe ni, ba hankalina yak karye ba."

Mikin da ya kusa rufewa ya sake buɗewa, wani ya fito a diddige. Ta daina faɗa. Rediyon yana kusa da kanta, ba ta ce a kunna.

Ana cikin haka wata rana ina dawowa daga makaranta, na ratsa ta wajen masu abinci na bakin titi, sai na hango wata mata durƙushe bayan rumfa tana wanke kwanuka. Ɗaurin ɗankwalinta na gane. Gwaggo ce, a unguwarmu, tafiyar da ba ta kai a hau abin hawa ba. Na tsaya kanta na yi sallama. Ta ɗago, ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, kina nan kusa, ba ki leƙo mu ba? Inna kullum sai ta tambaye ki."

"In zo da mi? Ban taɓa shiga gidanku hannu wofi ba."

Na yi mata gaisuwar ɗanta. Ta amsa hannunta na cikin ruwan kumfa, ba ta daina cuɗa kwanon ba, don mai rumfar tana kallonmu.

Na roƙe ta ta zo ko don ta yi wa Inna cuku, ranar Juma'a sai ga ta. Na yi sa'a na samo madara a wajen mai shanun nan. Ta zauna a madafinmu ta haɗa wuta da kanta, ta hana ni taɓa komai. Ya fito kamar na da, fari, mai laushi, da ɗuminsa. Ita ta kai wa Inna da hannunta. Inna ta buɗe ido ta gane ta, ta kama hannunta ta riƙe, ba ta tambayi shanu ba, don na riga na gaya mata. Ta karɓi gutsure ɗaya, ya daɗe a bakinta kafin ya wuce, da tari.

"Ya yi daɗi," ta ce. Ta juyar da fuska bango.

Ragowar cukun, yaran yayana suka cinye. Da yamma ma'aikaciyar jinyar ta zo, ta duba ta, ta fito. Na ce mata yanzu mun sami mai yi, in an dage da neman madara ko za a koma kamar da. Ta daɗe tana goge hannu kafin ta ce jiki yana da lokacin da yake karɓar abinci ya yi aiki da shi, kuma tana jin na Inna ya wuce wurin. Ta ce in riƙa jiƙa mata leɓe da ruwa, in riƙa juya ta.

Inna ta rasu cikin zafin bazara, bayan azahar, ina yi mata fifita.

Gwaggo ta zo gaisuwa da goyo a bayanta, jikarta ce, 'yar ɗan nata da aka kashe. Uwar yarinyar ta koma gidan iyayenta ta bar mata ita bayan yaye. Da ta kwance goyon ta zaunar da ita a tabarma, na ga gashin yarinyar ya yi ja ya yi laushi, kumatu da ƙafafu a kumbure, hannuwa sirara. Ba ta kuka, ba ta wasa, tana dai zaune inda aka ajiye ta. Na tambayi abin da take ci, ta ce abin da ya rage a rumfa, tuwo da ruwan miya, wani lokaci shinkafa. Na ce ta kai ta asibiti, akwai abincin da ake ba irin waɗannan yara. Ta ce ta kai ta, an ba su na wani ɗan lokaci, da ta koma aka ce ya ƙare, a jira.

Na auna mata gyaɗa da gero daga buhun yayana, na ce ta riƙa yi mata kunun gyaɗa mai kauri, ta dawo in ya ƙare. Ta yi godiya, ta goya yarinyar, ta fita.

Ba ta dawo ba. Bayan arba'in na je rumfar, na tarar da wata matar daban tana wanke-wanke. Mai abincin ta ce Gwaggo ta bar aiki tun da yarinyar ta kwanta ciwo, ta ji an ce ta tafi wajen wasu danginta, amma ba ta san ko wane gari ba.