Haliru Mai Mangwaro da Ƙudajen Afra'u

Malam Haliru mutumin Madachi ne. A kasuwar Rano yake kasa mangwaro da gwaiba, rumfarsa na jikin tawa. Ban taɓa ganin mai kafiya irinsa ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ya kai 'yarsa Afra'u jami'a, masu surutu suka yi har suka gaji.

Da ta gama digiri ta zarce bincike, sai muka ji wai a kan ƙudaje take yi, 'yan mitsi-mitsin nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Kasuwa ta samu abin tsokana. Shi ko a jikinsa.

Wani hutu ta zo rumfa, ta yi masa bayani a gabana.

"Baba, jiki duk ƙwayoyin halitta ne. Akwai wani furotin da ke gaya musu girman ya isa haka, su tsaya. In ya lalace a jikin ƙuda, sai su yi ta hayayyafa har ƙari ya fito. Mutum ma yana da irinsa. Shi ya sa muke duba ƙudan, ko Allah zai sa a dace da magani."

Duk bayanin nan, maganin kawai Haliru ya riƙe.

Da ƙari ya fito masa a wuya, likita ya ce ya tafi Kano a cire tun yana ƙarami. Ya ƙi. Wai don me za a yanka shi alhali 'yarsa na gab da gano magani? Ya kuma hana kowa gaya mata, kada hankalinta ya tashi aikin ya tsaya. Na yi faɗa, na yi lallashi, har gaba muka yi. Har yau ina jin haushinsa, amma kewarsa ta fi haushin yawa.

Sai da abinci ya daina wuce masa sannan matarsa Barira ta buga wa Afra'u waya. Likitocin Kano suka ce ciwon ya riga ya bazu.

Ina zaune a gefen gadonsa a asibiti ya dube ta, muryar da ƙyar take fita.

"Afra'u, maganin nan, saura kaɗan ko?"

Ta san aikin na shekara da shekaru ne, wataƙila ma ba a zamaninta ba. Ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Saura kaɗan, Baba."

"To madalla. Zan jira."

Bai kai Juma'a ba.