Ina Ɗan'azumi

Obiechina a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, kuma ya sani. Shagonsa na intanet yana manne da shagona na ɗinki a Gyadi-Gyadi. Tun farkon dawowar mulkin farar hula, da irin waɗannan shaguna suka fara yawa a gari, yake sana'ar. Mutum ne mai fargaba, wallahi ko ƙarar fanka ce ta canza sai ya tashi ya duba.

Fargabar ce ta sa ya sauya wa kwamfutocinsa manhaja, ya ɗora musu Linux, wai kyauta ce kuma bairos, cutar kwamfuta, ba ya damunta. Kwastomomi suka yi ta mita ba su gane kanta ba. Sai ya zauna ya yi musu gajerun hanyoyi a burauza, wato manhajar shiga intanet, da Hausa. Ka rubuta "labari" a sama, ka bi shi da abin da kake nema, sai ta kai ka jaridu. Ka rubuta "ina" da sunan wuri, ina Hotoro, ina Unguwar Gano, sai taswira ta buɗe da jan ɗigo a kan wurin. Har shagona ya shigo yana washe baki. Na ce, "Obi, kai dai ba ka iya zama lafiya ba."

Garba mai adaidaita ne ya baza a Tarauni cewa kwamfutar Obi, in ka ce mata "ina", sai ta nuna maka. Bakin Garba kuwa ba ya rufuwa. Labarin ya kai ga Inna Asabe mai ƙosai, wadda ɗanta Ɗan'azumi ya tafi Libiya aikin gini, wayarsa ta daina shiga tun da yaƙi ya ɓarke can.

Ta zo da mayafinta yana warin mai, ta ce, "Ɗana, tambayar mini ita ina Ɗan'azumi."

Obi ya fara bayani, ta ƙi ji. Ya ga bari ya rubuta, kwamfuta ta ce ba ta samu ba, kowa ya huta. Ya rubuta. Innalillahi! Sai ga jan ɗigo. Wani ƙauye ne can wajen iyakar Nijar, mai suna irin na yaron.

"Ina ne nan?"

"Kusa da Nijar ne, Inna, amma..."

"Alhamdu lillahi! Yana hanya ke nan."

Ta rangaɗa guɗa a cikin shagon mutane. Obi ya bar ta da murnarta. Ni da nake tsaye a ƙofa, ni ma na bar ta a haka.

Daga nan kullum ta sauke kasko sai ta biyo, da ƙunshin ƙosai a takarda. Obi ya rubuta, ɗigo ya fito, ta zuba masa ido. Ƙosan ko taɓawa ba ya yi, ni yake miƙo wa. Ya rame. Da ya hango mayafinta sai ya shiga neman wurin ɓuya. Na ce ya goge wannan "ina" ɗin mana, ya ce in ɗigon ya ɓace cewa za ta yi yaron ya mutu.

Na ce, "To gaya mata gaskiya!"

Ya ce, "Hauwa, da wane bakin?"

Haushi ya kama ni, amma tausayinsa nake ji.

Ana haka murnar Inna ta fara juyewa. Ɗigon ba ya motsi. Ta ce mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya haka, Ɗan'azumi na kwance ne ba mai ba shi ruwa. Wata safiya sai ga ta da jaka da kwanon fura, Garba na jiran ta a waje zai kai ta tasha. Tsohuwar da ko titin Zariya ba ta tsallakawa sai an riƙe mata hannu! Ta ce Obi ya karanta mata sunan garin da za ta sauka.

Obi ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, ki yafe mini. Wannan ba Ɗan'azumi ba ne. Sunan ƙauye ne. Ni na koya mata kalmar nan, garuruwa kawai ta sani, ba ta san mutane ba."

Ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Ba ya can?"

"Ban sani ba, Inna. Ba wanda ya sani."

Ta ajiye jakar a hankali, ta zauna a kujerar roba. Na zaci zagi za ta yi, har na matso don in shiga tsakani. Garba ya danna hon a waje. Ta gyara mayafi, ta tura wa Obi allon rubutun kwamfutar da yatsa ɗaya.

Ta ce, "To tunda kai kake koya mata, ɗana, koya mata 'yaushe'."