Yayata da Direban da Ya Kasa Riƙe Sitiyari

Mu a gida Guguwa muke kiranta. Babanmu ne ya raɗa mata sunan, don tun tana ƙarama ba ta shiga ɗaki ta fita ba tare da wani abu ya faɗi ba. Ita ce babba, ni ne auta. Idan Inna ta aike ta, kafin a gama faɗin saƙon ta kai bakin ƙofa, sai ka ga ta dawo tana haki: "Me ma kika ce in sayo?" Shi ya sa ranar da aka ce aikinta yanzu koya wa mutane natsuwa ne, sai da Inna ta yi dariya har da hawaye.

Da aikin jinya ta fara, a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Gudu, ɗinki, ɗaurin karaya, duk sun dace da ita. Amma wani abu ya riƙa damunta. Za a sallami mutum ƙafa ta warke, bayan watanni ya dawo yana cewa zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito, a gwada komai a ce lafiyarsa ƙalau.

"Muna ɗinke fata, mu bar mutumin a yage," in ji ta.

Sai ta koma makaranta, da goyo a bayanta, ta karanci yadda ake jinyar damuwa da firgici ta hanyar zama da mutum a yi magana. Mijinta, malamin makaranta ne mai son zolaya, ya sa mata Likitar da Ba Allura.

Ofishinta yana ƙarshen barandar asibitin, bayan ɗakin ajiye magunguna. Kujeru biyu ne suna fuskantar juna, teburin kuwa ta sa an tura shi jikin bango. Akwai fanka mai ƙara, da taga da ke kallon inda ake shanya zannuwan gado. Kafin ta kira mutum ciki, takan tsaya a tagar nan shiru, tana bin numfashinta. Na taɓa tambayarta, "Yaya, me kike kallo?"

"Ba kallo nake ba, auta. Sauke kaya nake. In na zauna da hayaniyar kaina, ta ina zan ji ta wani?"

Ba ta kawo labarin marasa lafiya gida, ko mijinta ba ya ji. Labarin Dogo daga bakinsa na samu, don shi duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha.

Dogo direban babbar bas ne mai dogon zango. Wata rana taya ta fashe masa a gangara, motar ta kwanta a gefen hanya. Babu wanda ya rasu, shi ma ƙujewa kawai ya yi. Amma tun daga ranar, da ya ɗora hannu a sitiyari sai hannun ya hau rawa, gumi ya keto masa, ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Matarsa ce ta jawo shi asibiti.

"Likita, ki ba ni ƙwaya in tafi," ya ce wa Yaya, ko zama bai yi ba.

"Ƙwaya tana ɗaki na gaba. In likitan can ya ga kana buƙata, zai ba ka. Mu nan zama ake yi."

"Ai zaman ne ya ishe ni!"

"To ƙara kaɗan. Ina ƙafarka take yanzu?"

"A ƙasa mana."

"Kana jin ta?"

Dogo ya ce min a nan ya yi sak, don wallahi ba ya jin ta. Yaya ta ce masa jikinsa ne kawai a ɗakin, hankalinsa yana can gangara bai taso ba, kuma aikinsu shi ne su lallaɓo shi gida.

Haka suka riƙa haɗuwa mako-mako. Ta koya masa ya lura da iskar da ke shiga hancinsa tana fita, da nauyinsa a kan kujera. In tsoro ya taso, kada ya yi kokawa da shi. "Kamar jiniyar motar asibiti ce," ta ce. "Za ka ji ta daga nesa, ta cika maka kunne, ta wuce."

Ya ce shi ya kasa, hankalinsa ba ya zama. "Ke kina iyawa?"

"Ni? Nawa ya fi akuya yawo. Ba ɗaure shi ake yi ba. In ya tafi ka dawo da shi, ya sake tafiya ka sake dawo da shi."

Da ta ga ya ɗan samu ƙarfi, sai ta bi shi gareji. Suka hau wata bas da ke fake, kanikawa suna leƙe suna ƙus-ƙus. Dogo ya kama sitiyari, rawar ta taso, hawaye suka zubo. Ya ce jira yake ta ce masa ya yi haƙuri ko ya zama namiji. Ba ta ce ko ɗaya ba.

"Me tafin hannunka yake ji?"

"Zafi. Robar ta tsage a nan."

"Sai me?"

"Warin man dizal."

Suna nan zaune har rawar ta lafa don kanta.

Ranar da ya fara motsa motar, a bakin get ya taka birki, ya dira ya yi tafiyarsa, ya bar Yaya a ciki injin na aiki. Makonni bai leƙo ba. Da ya dawo, kansa a sunkuye, yana shirya ban haƙuri, sai ta tura masa kujera da ƙafa: "Ka zo? To zauna mu ci gaba."

Dogo bai koma dogon zango ba, kuma ya ce ba ya so. Yanzu motar ma'aikatan wani kamfani yake ja a cikin gari. Wani lokaci abin yakan taso masa a danja, sai ya bi numfashinsa har a ba da hannu.

Wata rana da yamma na je ɗaukar Yaya, sai na tarar da matar Dogo a baranda ta riƙe ƙugu.

"Likita, ƙara na kawo. Tun haɗarin nan mutumin nan bai yi barcin kirki ba, ni kuwa na samu sauƙin kunne. Yanzu minshari ya dawo, har maƙwabta suna tambaya ko janareta muka saya."

Yaya ta kwashe da dariya, ta ce wannan kuma ba sashenta ba ne. Matar ta rungume ta, ta daɗe ba ta sake ta ba.