Haladu Ya Hana Ni Makullin Motata

Yau da hantsi aka kira ni a waya, aka ce Haladu bakanike ya rasu. A cikin motata ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku yi haƙuri da rubutun.

Duk direban da ke lodi a Ikara ya san garejinsa. Ni kuwa tun firamare muke tare. Bai taɓa kira na da sunana ba, sai "direban amalanke". Ranar da mota ta lalace mini a hanyar Kudan cikin ruwan sama, a kan babur ya zo, jiƙe sharkaf, yana zagina yana kwance taya.

Bas ɗin da nake haya da ita, wanda ya sayar mini ya riga ya sauya mata inji, ya sa na dizal mai turbo, abin nan da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Har daɗa murɗa shi aka yi don ta ja kaya. Tana ja kuwa. Sai kwanan baya ta tsiro da wani hali: ana cikin gudu, ka taka totur, ƙarfi ya ɗauke ɗif, can kuma ya dawo kamar ba a yi ba. A gareji lafiyarta ƙalau.

Haladu ya canza filta, ya wanke nozul, ya duba famfon mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mun sa ta a kwamfuta a Zariya, ba ta nuna komai ba.

Yana da wata ƙa'ida da ta sha haɗa shi faɗa da mu. Ciwon da ke zuwa ya tafi, ba ya sakin motar sai ya ji shi da ƙafarsa a kan titi. Kuma ba ya gwaji da mota fayau. Buhunan yashi yake jerawa a kujeru, nauyin fasinja da kayansu.

Jiya da yamma na same shi yana ɗora buhunan. Na ce, "Haladu, gobe kasuwar Makarfi, matan Kurmin Kogi sun kama kujeru da barkononsu. Ba ni makulli, zan lallaɓa ta."

Ya ce, "Lallaɓa ta a gaban tirela? Ina zargin tiyon turbo ne, sai ya yi zafi ga kaya sannan yake buɗe baki. Bari ta yi mini abin da take yi maka."

Na yi ta mita. Ya jefa makullin a aljihu ya ce, "Je ka ci tuwo, direban amalanke."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yau da ya idar da sallar asuba ya fita da motar shi kaɗai, ya yi ta zirga-zirga har inji ya ɗau zafi. Wani mai rake da abin ya faru a gabansa ya ce Haladu ya fito zai wuce wata tirela, sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta saki jiki a tsakiyar titi, ga tifa tana tahowa.

Na je wurin. Gaban bas ɗin ya shige har kujera ta biyu. Buhunan sun farfashe, yashi ko'ina.

Matan nan sun hau wata motar, yanzu haka suna kasuwa suna ciniki. Ba su ma sani ba. Ni da ya kamata in zauna a bayan sitiyarin nan, ga ni ina rubutu. Wallahi zuciyata ta kasa ɗauka.

Ya bar mata da yara ƙanana, da tsohuwarsa da ba ta gani sosai. Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansu.

Ya Allah, Haladu ya tsare rayukan bayinka, Ka tsare shi daga azabar kabari. Ka gafarta masa, Ka riƙa wa iyalinsa. Wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a da sunansa kafin ya wuce.