Ƙafafun da Suka Yi Yaji

Ni dai tun ina yaro ba a san ni da zama wuri ɗaya ba. Malam na rubutu a allo, ni ƙafata na rawa a ƙarƙashin benci, idona na taga. Haka na lallaɓa har aji biyu na ƙaramar sakandare, na ce na gode, na ajiye. Amma akwai wuri guda da nake zama in nutsu ba sai an daka min tsawa ba, wato gaban murhun kakata Hajja, a ƙauyenmu da ke bayan Gadau. Ita aka ba wa riƙona tun ina ƙarami, don a gidanmu na Azare an gaji da ɓarnata.

Hajja daddawa take yi, kuma wanda ya san aikin ya san ba na rago ba ne. Kalwa sai ta sha wuta tun la'asar har bayan isha, a surfa ta a turmi, a kai bakin rijiya a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ta yi, sannan a kirɓa a mulmula. Ranar kasuwa ta ɗora ƙwarya a ka ta taka har Gadau. Duk ita kaɗai, ga kai fari fat, haƙora sai 'yan tsiraru. A garinmu in yaro ya ga babba da kaya, da gudu yake zuwa ya karɓa. A gidan Hajja kuwa, ka kai hannu kan tulunta ka sha kara a gadon baya.

"Kai angona, sakar min tulu! So kake ka zaunar da ni in ruɓe, ka je ka auro yarinya?"

In ta ɗora kalwa da sanyi, yaran unguwa duk gidanmu suke tarewa. Mu tura dankali cikin toka, mu miƙe ƙafa, ita tana iza wuta tana ba mu tatsuniya. Na ji da yawa a bakinta, yawanci na manta. Guda ɗaya ce ta zauna min, ita ma don ba mu aka yi wa ita ba.

A daminar shekarar Hajja ta zame a hanyar fadama ta yi targaɗe a hannu. Kafin sati labari ya kai Azare, kuma kafin ya isa ya zama karaya. Babana tela ne a kasuwa, yana da rufin asirinsa. Mutane suka fara magana, wai ga shi yana ɗinka wa manya shadda, ya bar uwarsa tana yawon daddawa har ta kusa mutuwa a daji. Abin ya yi masa ciwo. Ya gina mata ɗaki a gidansa, ya shafe da siminti, ya sa katifa da fanka, ya yi mata bayi a ciki. Da sanyi ya shigo sai ga shi ya zo, ya gaya wa ƙanensa Kawu Sale cewa gobe da safe mota za ta zo, a haɗa kayan Hajja, ta gama wahala a duniya. Ni kam murna nake, don a Azare akwai gidan kallo.

Hajja kuwa ba yadda za ta yi ta musa. Baba ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa, ba su taɓa zama sun yi doguwar magana ba. "Mutumin Azare" take ce masa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa. To mace irin wannan ta ina za ta tsaya ta yi gardama da shi? Abin da kawai na gani, da rana muna wankin kalwa ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, ba ma da ni take ba, "Haka aka yi wa Yalwa. Tare muke zuwa kasuwa. 'Ya'yanta suka kai ta Bauchi, suka ba ta kujera mai taushi da yarinya mai miƙo mata ruwa. Da na je gaishe ta, a zaune take salla, bayi ma sai an ɗaga ta."

Da aka yi isha muka taru kamar kullum. Baba ya kife turmi a bayan zana ya zauna da rediyonsa, ba ma ganinsa sai ƙafafunsa. Hajja ta gyara itace, ta yi gyaran murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, da ƙafarta, ba goyo ba."

Muka ce, "Ta iso mu shimfiɗa mata tabarma!"

"A'a, yau kada wanda ya ba ta tabarma. A tsaye za ta yi."

Wai an yi wata tsohuwa a bakin kogi, tana da ɗa mai sonta kamar ransa. Allah ya buɗa masa, sai ya ce uwarsa ta daina wahala. Ta ɗauki tsintsiya, ya karɓe. Ta ɗauki taɓarya, ya karɓe. Ta ce za ta je barka maƙwabta, ya ce a kira mai jego ta kawo mata jaririn. Ya sa aka yi mata gado mai laushi, in ta ce ruwa a kawo, in ta ce goro a ɓare a sa mata a baki. Gari duk aka ɗauka, ana cewa ba a taɓa ɗa mai albarka irin wannan ba.

Ana nan sai wata rana ƙafar dama ta taɓa ta hagu ta ce, "'Yar'uwa, kin ga abin da nake gani?" Ta hagu ta ce, "Na gani. Gidan nan ba a bukatarmu. Baki na aiki, ciki na aiki, mu an jingine mu kamar tsohuwar garma." Ta dama ta ce, "To ni ba zan zauna inda ba a aikena ba." Tsohuwa na barci suka zare a hankali, suka yi yaji.

Wata 'yar maƙwabtanmu, Larai, ta ce, "Hajja, ba ta ji zafi ba?"

"Ina fa zafi, 'yar nan? Ai da da zafi da ta farka ta riƙe su. Abin a hankali yake tafiya, sai ka neme su ka rasa."

Ƙafafu suka bi gari suna neman aiki. Suka je wajen jaki, ya ce nasa huɗu sun ishe shi. Suka je wajen maciji, ya ce shi ya saba da jan ciki. Har suka isa fadama suka sami zalɓe. A lokacin wai zalɓe guntayen ƙafafu gare shi kamar na agwagwa, yana zaune a bakin ruwa yana kallon kifi na wucewa, yunwa na cinsa. Ya ce, "Ku zo, ni wallahi aiki har sai kun gaji." Suka manne masa.

Can kwanaki ɗan tsohuwa ya yi tafiya. Sai kogi ya kawo ruwa, kowa ya kwashi nasa ya hau tudu. Tsohuwa ta yunƙura za ta tashi, ta ji wayam. Ta ɗaga zane, ba ƙafafu. Da kyar maƙwabta suka ciccibe ta a kan ƙyaure. Suna wucewa ta fadama ta hango zalɓe yana taku cikin ruwa, ta gane gwiwoyinta, ta gane kaushinta. Ta ce, "Zalɓe, don Allah ba ni kayana." Zalɓe ya ce, "Iya, ni ban sata ba. Tambaye su." Ƙafafu suka ce, "Mu ba mu ƙi ki ba. Shekara nawa muna kai ki rijiya muna dawo da ke, mun taɓa ƙorafi? Ke kika sallame mu." Ta ce, "Ba ni ba ce, ɗana ne, kuma don so ya yi." Suka ce, "To ki ce son ya ɗauke ki."

Hajja ta tura itace. Sai a lokacin na lura rediyon Baba ya daina magana.

"Shi ya sa in kun ga zalɓe ku dubi ƙafafunsa, na tsohuwa ne sak, duk gwiwa. Kuma ba ya yarda ya zauna. In ya gaji sai ya naɗe ɗaya ta huta, ɗaya na tsaye, don ya san in ya hutar da su gaba ɗaya za su gudu. Nan ta tsaya. Wanda ya tsinta nasa ne, wanda ya zubar kaji su ci."

Yara suka watse da dankalinsu. Ni ina shirin shiga ɗaki sai na ji Baba daga bayan zana.

"Habu."

"Na'am, Baba."

"Ka ce wa kakarka, ita tsohuwar cikin labarin ai ba ta faɗi a fadama ba."

Tsakaninsu bai fi taku biyar ba, ta ji sarai. Amma haka na juya na maimaita mata. Ta dubi tukunya ta ce, "Angona, ka ce wa mutumin Azare, wanda ya faɗi ya tashi da kansa da sauransa. Ka tambaye shi wa ya ɗaga ni ranar."

Na tambaya. Baba ya ce, "Ka ce mata mutane na zagina."

"Ka ce masa mutanen nan, in na kwanta, ba wanda zai zo ya juya ni a cikinsu. Matarsa za a bar wa."

Ina tsaye a tsakiya, in juya nan in juya can, har na fara ƙara gishiri. Hajja ta ce ba haka ta faɗa ba, ta kai min kara. Na ji Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ɗauki rediyonsa ya fita.

Da safe mota ta zo. Ba kayan da aka haɗa. Baba ya daɗe a zaure shi da Kawu Sale, sannan ya kira ni ya ba ni saƙo. Fadama in an yi ruwa, ba ita ba zuwa. Babbar randa ni zan riƙa cikawa, ita ta ɗauki ƙaramin tulu. Duk wata za ta zo Azare a auna jininta a asibiti, ta kwana a ɗakin da ya gina ko sau ɗaya ne, don kada ya zama ya yi asara. Sannan ta riƙa riƙe sanda. Na kai saƙo. Ta ce duk ta ji, amma sanda ta tsofaffi ce. Daga baya ta karɓa, wai saboda awaki. Mota ta koma da Baba da ƙullin daddawa, ni kuma na yi kwana biyu ina fushi da ita saboda gidan kallo.

Ta yi shekaru bayan nan, har na bar makaranta, har na fara achaɓa a Azare tana raye. Tafiyar Gadau ta rage ta koma sayarwa a ƙofar gida, surfe ya koma hannun Larai, amma shara da alwala da zuwa gaisuwa ba ta taɓa bar wa kowa ba. Ciwon da ya ɗauke ta bai kai sati ba. Kafin shi, a tsaye take sallarta.

Da ina yaro na ɗauka labarin zalɓe ne. Yanzu da nake wuni a kan mashin ina ganin abin da idona. Akwai dattawan da nake ɗauka daga ƙofar gida zuwa masallacin da in ka yi tari a gidan za a ji a sahu. 'Ya'yansu ke kirana, don suna sonsu, kuma bana ka ga tsoho na hawa da kansa, baɗi sai an tallafa masa. Mu nan an koya mana girmama babba shi ne ka karɓe masa komai. Ba na ce a bari ba. Amma na yarda akwai abin da in ka karɓe wa tsoho, ba ka iya mayar masa.

Baba yanzu shi ne tsohon. Zaman keken ɗinki ya cinye masa gwiwa, ga ido ya yi rauni, ya bar wa yara shago. Wata Juma'a na hango shi a bakin titi yana tafiya masallaci, a hankali, darduma a kafaɗa, rana kuwa ta take. Ga mutane ko'ina, kowa ya san ɗansa ne ni. Na ji kunya ta kama ni, na taka burki a gabansa.

"Baba, hau in ƙarasa da kai."

Ko tsayawa bai yi ba. "Je ka nemi fasinjanka. Nawa suna aiki tukuna."

Na san in na matsa zai hau, don kada ya kunyata ni a gaban jama'a. Ban matsa ba. Na kashe mashin na sauko, na kama ƙaho ina turawa a gefensa, yana taku ina taku. Wani abokin sana'ata ya rage gudu ya ɗaga murya.

"Habu, mai ne ya ƙare?"

Na ce, "Tanki cike yake. Wuce kawai."